Filin Tambaya da Amsa: Ɗigon da Ke Rikita Yara a Lissafin Firamare

A cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata akwai guda biyar daga Jos da kewaye waɗanda duk suka tsaya a kan abu ɗaya, wato lissafin lambobi masu ɗigo, waɗanda malamai suke kira desimal, musamman idan aka saka su a cikin labari aka ce yaro ya warware. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma misalan da masu tambaya suka kawo mun bar su yadda suke.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar firamare da ke Unguwar Rogo, kuma yaran ajina sun kai saba'in. Idan na jera musu lambobi a allo na ce su tara ko su ɗebe, da yawa suna yi, amma da zarar na saka lambobin a cikin labari sai komai ya dagule. A makon jiya na ba su wannan da Turanci: wata mata ta sayi igiyar shanya mai tsawon mita 4.5, ta yanki mita 1.75 ta ɗaura a tsakar gida, ta yanki mita 1.2 ta ba maƙwabciyarta, mita nawa ya rage mata? A cikin amsoshin da na gani akwai 7.45, akwai 2.63, har da 155. Ina matsalar take, kuma ta ina zan ɓullo mata?
Daga wata malama, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Kin kyauta da kika aiko da amsoshin yaran, domin babu abin da ke nuna wa malami inda gizo yake saƙa kamar amsar da ba daidai ba. Amsoshin nan uku cututtuka ne uku daban-daban, ko da yake jan biro ɗaya ne ya soke su duka, kuma kowace da maganinta.

Mu fara da wanda ya rubuta 7.45. Abin da ya yi shi ne ya tara lambobin nan uku, kuma ya tara su daidai, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, saboda haka wannan yaro ba shi da wata rigima da desimal. Labarin ne bai shige shi ba. Ya ga lambobi uku a warwatse cikin rubutun Turanci, ya tsince su kamar yadda kaza ke tsintar tsaba, ya yi musu abin da hannunsa ya fi sabawa da shi. Yaron da ke magana da Hausa a gida da kasuwa da filin wasa, idan aka ba shi tambayar lissafi da Turanci, jarrabawa biyu aka yi masa a lokaci guda, kuma yakan faɗi ta farkon tun kafin ya iso ta biyu. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki riƙa fara ba su labarin ba tare da lamba ko ɗaya ba: mace ta sayi igiya, ta yanki wani ɓangare, ta sake yankar wani. Ki sa su rufe littafi, wani ya maimaita labarin da Hausa da bakinsa, sannan ki tambaye su ko igiyar da ta rage za ta fi ta farko tsawo ko kuwa za ta gaza ta. Yaron da ya faɗa da bakinsa cewa igiyar ta ragu, da wuya ya koma ya rubuta 7.45 alhali da mita 4.5 aka fara. Bayan haka ne za ki mayar da lambobin, ki kuma mayar da Turancin, tunda da shi za su rubuta jarrabawa.

Wanda ya samu 2.63 kuwa ya fahimci labarin sarai: ya san zai haɗa abin da aka yanka ya ɗebe daga abin da aka saya. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen haɗa 1.75 da 1.2, domin ya jera su ta hannun dama, ya ajiye 2 a ƙarƙashin 5, ya samu 1.87. Kada ki ga laifinsa da yawa, dokar da aka koya masa tun aji ɗaya ya bi. Mu malamai ne muka ce masa a jera lambobi daga dama, alhali ainihin dokar ita ce kowane jinsi ya zauna a ƙarƙashin jinsinsa, ɗaiɗai a ƙarƙashin ɗaiɗai, gomomi a ƙarƙashin gomomi. A cikakkun lambobi dokokin biyu suna haɗuwa wuri ɗaya, shi ya sa ɓarakar ba ta fitowa sai ranar da ɗigo ya shigo. Maganin wannan yana cikin tef ɗin awo na tela, wanda ba ya wuyar samu. Ki sa yaron ya nuna miki mita 1.2 a jikin tef ɗin, zai ga cewa mita ɗaya ne da santimita 20, ba santimita 2 ba. Daga nan sai ya haɗa santimita 175 da 120 ya samu 295, ya ɗebe daga 450, saura 155, wato mita 1.55. Malamai da yawa sukan ce wa yara su ƙara sifili kawai, 1.2 ta koma 1.20, kuma dabara ce mai kyau, sai dai ina son yaro ya fara ganin dalilinta a jikin tef kafin a ba shi ita, in ba haka ba gobe zai ƙara sifilin a inda bai dace ba, ya mayar da 1.2 ta zama 1.02.

Na ukun, mai amsa 155, shi ne ya fi kusa da gaskiya, kuma shi ne ya fi ba ni damuwa. Duk lissafinsa daidai ne, da ya rubuta santimita a gaban lambar da babu mai ƙwace masa maki. Amma ya rubuta 155 a matsayin amsar tambayar da ta ce mita nawa, kuma zuciyarsa ba ta ɗarsa komai ba. Ki kira shi ki tambaye shi cikin raha: matar nan ta sayi igiyar da ba ta kai mita biyar ba, ta yanka sau biyu, sai kuma abin da ya rage ya fi filin ƙwallo na Rwang Pam tsawo? Zai yi dariya, kuma dariyar nan ita ce darasin, domin a lokacin ne lambar ta tashi daga takarda ta koma igiya.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi kome muhimmanci a wannan babi, wato ƙiyasi kafin lissafi. Ki mayar da shi doka a ajinki cewa babu mai fara aiki sai ya rubuta a gefen takarda inda yake zaton amsar za ta faɗa. A misalinki, 1.75 ta kusa 2, 1.2 kuma ta ɗan wuce 1, don haka abin da aka yanka wajen mita 3 ne, kuma idan aka cire 3 daga huɗu da rabi saura wajen ɗaya da rabi. Yaron da ya rubuta "wajen ɗaya da rabi" a gefe, shi da kansa zai ƙi yarda da 2.63, zai ƙi 7.45, zai ƙi 155, tun kafin littafin ya iso teburinki. A aji mai yara saba'in, inda ba zai yiwu ki tsaya a kan kowa ba, wannan ɗan rubutu na gefe shi ne mataimakinki.

Game da yawan aiki kuwa, ra'ayina shi ne tambaya uku da aka tattauna, aka auna da igiya ta gaske a gaban aji, aka yi gardama a kan amsoshinsu, sun fi ashirin da aka kwafa daga allo aka tafi da su gida yayye suka yi. Na san akwai manhaja da ake bin ki da ita, kuma zangon karatu ba ya jiran kowa, amma desimal ana fara shi tun daga aji huɗu a ci gaba da shi har aji shida, don haka kwana uku da kika kashe a kan igiya ba asara ba ce.

TAMBAYA: Ɗana yana aji huɗu. Ya kafe a kan cewa 0.25 ta fi 0.7 girma, hujjarsa kuwa ita ce ashirin da biyar ta fi bakwai. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani da naira da kwabo, sai ya tambaye ni mene ne kwabo. Yaya zan yi da shi?
Daga wani mahaifi, Bukuru.

AMSA: Malam, yaronka ya yi tambaya mai kyau, kuma hujjarsa ma ba ta wauta ba ce, ilimin da ya samu a kan cikakkun lambobi ne ya ɗauko ya kawo inda ba ya aiki. Shekara uku ana nuna masa cewa lamba mai tsawo ta fi gajera, 125 ta fi 98, sai ga shi yau an shigo da shi wani gida inda dokar ta canza ba a yi masa sallama ba.

Abu na farko da za ka duba shi ne yadda yake karanta lambar. In dai yana cewa "sifili ɗigo ashirin da biyar", to bakinsa ne yake ɓatar da shi. A karanta ta "sifili ɗigo biyu biyar", ko kuma, wanda ya fi, a kira ta da sunanta na gaskiya: kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Ita kuma 0.7 kashi bakwai ce cikin goma. Ka ɗauki littafin lissafinsa mai gidaje, ka zana murabba'i mai gida goma a tsaye goma a kwance, ka ce masa wannan duka shi ne ɗaya. Kowane layi kashi ɗaya ne cikin goma, kowane ƙaramin gida kashi ɗaya ne cikin ɗari. Ya shafe layi bakwai da fensir a murabba'i ɗaya, ya shafe ƙananan gidaje ashirin da biyar a wani, wato layi biyu da rabi, sannan ka yi shiru ka bar idonsa ya yanke hukunci.

Sai dai ka yi hattara da wani abu. Wasu yaran idan aka gyara musu wannan kuskure sukan tsallaka zuwa kishiyarsa, su ɗauka cewa a desimal gajeriyar lamba ce kullum babba. Don haka ka gauraya masa gwaji: 0.8 da 0.75, sannan 0.3 da 0.45, sannan 0.6 da 0.06, sannan 0.5 da 0.50. In ya ci duka huɗun kuma ya faɗi dalili, to ya gane.

Batun kwabo kuwa, gaskiya ce mai ɗaci ga malaman lissafi. Littattafan firamare har yanzu cike suke da tambayoyin biro na naira 12.50, alhali yaron da aka haifa a shekarun nan bai taɓa riƙe kwabo ba. Babban Bankin Najeriya ya fitar da sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 a shekarar 2007, amma yau ko mai sayar da alewa ba ya karɓarsu. Kuma ko da kwabo yana yawo, kuɗi yana da wani aibi a koyarwa: kullum lamba biyu ce bayan ɗigo, don haka ba ya tilasta wa yaro ya kwatanta 0.7 da 0.25, kuma idan kalkuleta ta nuna masa 12.5 sai ya ce naira goma sha biyu da kwabo biyar. Ka koma ga awo, domin a can ɗigo yake da rai a gidajenmu. Ruwan leda santilita 50 ne, wato lita 0.5. Robar ruwa ta santilita 75 ita ce lita 0.75, babbar kuma lita 1.5. Katin awon jarirai na asibiti yana ɗauke da nauyi irin su kilo 3.2 da 4.65, kuma babu yaron da ba zai so ya san ko shi ne ya fi ƙanwarsa nauyi ranar haihuwa ba. Mitar wutar lantarki ta kati tana nuna ragowar yunit da ɗigo, haka ma famfon gidan mai. Kwabon ma bai mutu gaba ɗaya ba, yana nan a ƙarshen saƙon da banki ke turo maka a waya, sai ka nuna masa shi a can.

TAMBAYA: Ina koyar da yara darasin yamma a Farin Gada. Na ba su tambaya cewa idan kilo ɗaya na nama naira 6,000 ne, nawa ne kuɗin kilo 0.75? Fiye da rabinsu rabawa suka yi, suka ce ai amsar dole ta gaza dubu shida, ninkawa kuma ƙara abu take yi. Shin in koya musu kalmomin da ke nuna irin lissafin da za a yi, kamar yadda wasu littattafai suke jerawa?
Daga wani malami, Farin Gada.

AMSA: Malam, ka fara yaba musu, domin rabin tunaninsu daidai ne: sun san wanda bai sayi cikakken kilo ba ba zai biya kuɗin cikakken kilo ba, kuma wannan ƙiyasi ne irin wanda na roƙi Malamar Unguwar Rogo ta koyar. Kuskuren yana cikin imanin da suka taso da shi cewa ninkawa kullum ƙari ce, rabawa kuma kullum ragi. Haka abin yake muddin da lambar da ta wuce ɗaya ake aiki, amma da an sauko ƙasa da ɗaya sai al'amarin ya juya.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a musanya lambar da ke da wuya da mai sauƙi, a ga abin da hannu zai yi. Ka tambaye su kuɗin kilo 3, za su ce 6,000 sau 3. Kilo 2 fa? Sau 2. Kilo 1? Sau 1. To, kilo 0.75? Labarin bai canza ba, mahauci ɗaya ne, sikeli ɗaya ne, saboda haka aikin ma bai canza ba: 6,000 sau 0.75, wato naira 4,500. Sannan ka tabbatar musu ta hanyar da suka riga suka sani daga kasuwa: rabin kilo 3,000 ne, kwata 1,500 ne, rabi da kwata 4,500. Idan hanyoyi biyu suka kai su gida ɗaya, sai hankalinsu ya kwanta.

Ka yi musu irin wannan a rabawa ma. Mai sayar da manja tana da lita 4.5, tana ɗurawa a kwalabe masu cin lita 0.75, kwalba nawa za ta cika? Amsar 6 ce, ta fi 4.5 da aka fara da ita, kuma yara sukan tsorata su soke ta. Amma in ka tambaye su ko kwalbar da ba ta cin cikakkiyar lita za a buƙaci da yawa ko kaɗan, su da kansu za su ce da yawa. Wanda ya mayar da awon santilita, 450 a raba da 75, ya riga ya gano dalilin da ya sa ake matsar da ɗigo a ɓangarorin biyu, ba tare da an ba shi haddar doka ba.

Jerin kalmomin da ka ambata kuwa, ni ba na goyon bayansa, ko da Hausa ko da Turanci. Ana ce wa yaro in ya ga "duka" ya tara, in ya ga "saura" ya ɗebe, in ya ga "fi" ya tara. To, ga tambaya: buhun dankalin da aka kawo daga Bokkos kilo 52.5 ne, ya fi na Mangu nauyi da kilo 3.75, nawa ne nauyin na Mangu? Mai bin kalma zai ga "ya fi" ya tara, ya samu 56.25, alhali amsar 48.75 ce. Jerin kalmomi yana koya wa yaro ya daina karanta labari ya koma farautar alama, wato dai cutar da ta haifi 7.45 a wasiƙar farko. In kana son abin da zai maye gurbinsa, ka koya musu zane: sanda doguwa a madadin buhun Bokkos, gajera a ƙarƙashinta a madadin na Mangu, tazarar da ke tsakaninsu 3.75. Yaron da ya zana wannan ba ya buƙatar a gaya masa ko tarawa ce ko ɗebewa.

TAMBAYA: Mu da muka yi makaranta a zamanin fam da sule mun iya lissafinmu ba tare da wannan ɗigo ba. Yanzu jikokina suna kawo mini aikin gida ina kasa taimaka musu. Shin wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma akwai yadda tsoho zai sa hannu?
Daga wani dattijo, Gangare.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Lissafin da kuka yi ya fi na jikokinku wuya, domin a wancan tsari kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, wato kwabo 240 a fam guda, kuma kowane mataki da irin tasa rabawar. A ranar 1 ga Janairu, 1973 ne Najeriya ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, naira ta zama kwabo ɗari. Tun daga ranar sule ya zama kashi ɗaya cikin goma na naira, wato 0.1, sisi kuma 0.05. Don haka idan jikanku ya kawo muku 0.7, ku karanta ta a zuci sule bakwai, 0.25 kuma sule biyu da sisi, nan take za ku ga wadda ta fi. Kafin wannan ma kun san anini, ɗan ƙaramin kuɗin nan mai huda a tsakiya, wanda goma daga cikinsa ne kwabo ɗaya.

Batun baƙunta kuwa, Hausa tana da sunan gidan farko na bayan ɗigo tun da daɗewa, shi ne ushiri, ɗan'uwan sulusi da rubu'i da humusi da muka aro daga Larabci. Manomin da ya samu buhu 37 na masara a noman damina, ushirinsa buhu 3.7 ne, wato buhu uku da kashi bakwai cikin goma na buhu, kuma rubu'in ushiri da ake fitarwa a zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, shi ne ake rubutawa 0.025. Hukunce-hukuncen zakka na malamai ne, ni lissafin kawai nake nunawa. A tarihi ma, wani masanin lissafi da ake kira Al-Uƙlidisi ya yi aiki da irin waɗannan lambobi a Dimashƙa wajen shekarar 952, Al-Kashi ya yi cikakken bayaninsu a Samarƙand a 1427, kafin Simon Stevin ya yaɗa su a Turai a 1585. Alamar ce kawai ba a haɗu a kanta ba har yau: mu da Ingila da Amurka ɗigo muke sawa, Faransa da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka waƙafi suke sawa, shi ya sa yaron da ya fara karatu a Maraɗi ko Damagaram zai rubuta 2,5 a inda namu zai rubuta 2.5. Malamin da ya samu irin wannan yaro a ajinsa kada ya soke masa amsa, ya nuna masa al'adar nan kawai.

Inda za ku fi taimakon jikokin shi ne ku sa su ba ku labarin tambayar da Hausa, ku kuma tambaye su wajen nawa suke zaton amsar za ta kai. Wannan ba ya buƙatar biro, kuma wanda ya yi shekaru yana ciniki a kasuwa ya fi kowa iya shi.

TAMBAYA: 'Yata tana aji shida, tana shirin jarrabawar shiga sakandare ta tarayya. Na lura tana rubuta awa biyu da rabi 2.30, kuma a wata tambaya ta ba da amsa cewa ana buƙatar mota 4.17. Shin in saya mata kalkuleta?
Daga wata mahaifiya, Rikkos.

AMSA: Hajiya, duka biyun suna yawan fitowa, kuma gara da kika gano su kafin jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa. Na farkon agogo ne ya jawo shi, domin agogon waya yana nuna ƙarfe biyu da rabi da lambobi 2 da 30, sai yarinya ta ɗauka desimal ne. Awa minti 60 ce, ba ɗari ba, don haka rabin awa 0.5 ne, kwata 0.25, kuma awa biyu da rabi 2.5. Ki gwada ta da wannan: motar da ke gudun kilomita 60 a awa, in ta yi awa biyu da rabi, kilomita nawa ta ci? Awa biyu 120, rabin awa 30, jimla 150. In ta yi aiki da 2.30 za ta samu 138, sai ki bar ta ta nemo inda kilomita 12 suka maƙale.

Na biyun kuwa, ina zaton tambayar irin ta ɗalibai 75 ce da za a kai yawon buɗe ido gidan tarihi na Jos a motoci masu ɗaukar mutum 18. Rabawar ta yi daidai, sai dai ba a hayar mota 4.17 a tasha. In kuma ta bi dokar kusantarwa, wato mayar da amsa zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, ta ce mota 4, to yara 72 ne suka samu wuri, an bar uku a bakin ƙofar makaranta, saboda haka amsar 5 ce. Ki ba ta kishiyar wannan a rana ɗaya: tela yana da yadi mita 10, kowace riga tana cin mita 1.75, riga nawa zai ɗinka? Rabawa ta ba da 5.71, dokar kusantarwa ta ce 6, amma riga biyar ce za ta fita, ƙyallen mita 1.25 ya rage. A tambaya ɗaya an hau sama, a ɗayar an sauko ƙasa, kuma labarin ne ya yanke hukunci a duka biyun. Ki saba mata da rubuta amsa a cikakkiyar jimla, "ana buƙatar mota biyar", domin da wuya hannu ya yarda ya rubuta "ana buƙatar mota huɗu da ɗigo ɗaya bakwai".

Kalkuleta kuwa ki dakata da ita tukuna. Ita ce za ta ba ta 4.17 ɗin cikin daƙiƙa guda, kuma ba za ta ce mata komai ba game da yaran nan uku. In akwai ta wayarki, ki bar ta ta riƙa duba aikinta da ita bayan ta yi ƙiyasi ta kuma yi lissafin da hannu.